Masu lambu a Kano ku buɗe ƙofa, mai saye ya tsinka da hannunsa

Duk wanda ya saba tsayawa a danja a birnin Kano ya san yaran da ke bin motoci da tuffa a ƙulle cikin leda, ja da kore, suna sheƙi. Akasarin wannan tuffa daga Afirka ta Kudu take fitowa. Ta hau jirgin ruwa zuwa Legas, ta kwana a ɗakin sanyi, ta hau mota zuwa Arewa, kuma duk da tsadarta ana saye.

A wannan birni dai, idan watan Afrilu ya kama, mangwaron da aka tsinko daga lambunan da ba su wuce tafiyar awa ɗaya ba yakan taru a bakin kasuwa yana ruɓewa, ƙuda na bi, mai shi na neman wanda zai ɗauka ko a nawa ne.

A Amurka da Ingila, manoman tuffa sun daɗe da samo wa kansu wata mafita. Idan kaka ta yi, wato a watannin Satumba da Oktoba, sai su buɗe gonakinsu ga jama'a. Magidanci ya kwaso iyalinsa ranar hutu, a ba shi kwando a ƙofa, ya shiga ya zaɓi abin da yake so a jikin bishiya ya tsinka, a auna masa, ya biya ya tafi. Manomi ya huta da kuɗin masu tsinka da kuɗin mota. Mai saye ya ga inda abincinsa ya fito.

Tuffa tana son sanyi, don haka ba za ta yi albarka a Kano ba. Ko a Najeriya, sai a wurare masu tudu irin su Jos da Mambila ake ɗan samun ta. Amma muna da mangwaro da gwaiba da gwanda da lemo da kankana. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da masu lambu a kewayen Kano za su buɗe ƙofa ga mai saye, mu kuma mazauna birni mu riƙa zuwa. Wannan zai ƙara wa manomi kuɗi, ya kare lafiyar mai ci, ya kuma tsirar da sauran lambunan da suka rage daga hannun masu yanka filoti.

Kano garin lambu ce tun asali

Wanda ya taso a Gama ko Dakata ko Tudun Murtala a yau zai iya ɗauka cewa haka Kano take tun fil azal, gini na manne da gini. Tarihi bai nuna haka ba. Baturen nan Hugh Clapperton da ya zo Kano a 1824 ya rubuta cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna.

Ko ba a buɗe littafin Bature ba, sunayen unguwanninmu sun isa shaida. Giginyu da Kawo da Tsamiyar Boka a nan ɓangaren Nassarawa, ga Ɗorayi, ga Kurna, ga Rijiyar Lemo, ga Gandun Albasa. Duk sunayen itatuwa ne ko na shuka. A yau ka zaga wasu daga cikin waɗannan unguwanni tun safe har yamma da ƙyar ka ga bishiyar da aka sa wa wurin sunanta.

Marigayi Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya fahimci cewa arzikin Kano yana tare da ruwa da ƙasa. A zamaninsa aka gina madatsar Bagauda da ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, kuma daga ruwan Tiga ne noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure. Daga baya aka samu madatsar Challawa a Ƙaraye. Ga ta Watari a Bagwai, ga ta Thomas a wajen Ɗambatta. Ruwa dai akwai shi, manoma ma akwai su. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanya miƙaƙƙiya tsakanin mai lambu da mai ci.

Hannu nawa mangwaro ke bi kafin ya iso gida?

Bari mu bi sawun kwando ɗaya. Mai lambu ya biya yaran da suka hau suka karkaɗo. Ya sayi kwando. Ya biya kuɗin lodi da kuɗin mota, wanda ya ninka tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. A hanya akwai masu karɓar na goro. A kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa, ko a 'Yankaba da ke kan titin Haɗejia idan kayan gwari ne, dillali ya cire la'adarsa. Ɗan sari ya saya, mai baro ko mai tebur ya saya daga wurinsa, sannan uwargida ta aiki yaro ya sayo kashi ɗaya.

Kowane hannu a cikin waɗannan yana da haƙƙinsa, kuma ba wanda ke zargin su da cin haram. Amma kayan marmari ba gero ba ne da za a zuba a rumbu a jira farashi ya tashi. Da zarar an tsinke shi, agogo ya fara bugawa. Manomin da ya riga ya sauke kaya a kasuwa ba shi da bakin ciniki, domin ya san idan ya kwana biyu kyauta ma ba za a karɓa ba.

Shi ya sa masu lambu da dama suke gwammace su sayar da amfanin tun yana kan bishiya, wani lokaci tun yana fure ko yana ƙananan 'ya'ya. Ɗan kasuwa ya zo ya kewaya, ya yi ƙiyasi da ido, ya ba da kuɗi a dunƙule. Idan shekara ta yi kyau, manomi ya yi ta cizon yatsa. Idan iska ta zubar da furen, ɗan kasuwa ya shiga uku. Malaman fiƙihu sun daɗe suna karantar da cewa Manzon Allah (SAW) ya hana sayar da 'ya'yan itace kafin alamar nunarsu ta bayyana, saboda irin wannan garari da ke cikinsa. Cinikin da mai saye zai ga nunannen abu da idonsa, ya tsinka, a auna, ya biya, ya fi kusa da wannan koyarwa nesa ba kusa ba.

Akwai kuma matsalar nuna. Tunda nunannen mangwaro ba ya jure doguwar tafiya a kwando, sai a tsinke shi ɗanye. Tunda mai saye yana son ya ga ja ko rawaya, sai wasu marasa tsoron Allah su sa masa kabad, sinadarin nan da masu walda suke amfani da shi. Idan kabad ya ji danshi yakan fitar da wata iska mai sauya launin ɓawo, cikin kuwa yana nan da tsaminsa. Irin wanda ake sayarwa don walda yana ɗauke da gurɓatattun abubuwa masu guba, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗin jama'a a kan haɗarinsa ga lafiya.

Sai dai jami'an NAFDAC nawa ne za su iya bin kowane ɗaki da ake rufe ayaba da mangwaro a Kano? Wanda ya tsinki mangwaro a jikin reshensa ba ya buƙatar a rantse masa cewa nunar Allah ce.

Da wane ruwa aka shayar?

Nan ne maganar ta fi shafar mu mazauna kusa da masana'antu. Kano tana da manyan rukunan masana'antu uku: Bompai da Sharaɗa da Challawa. Su ne suka ba dubban iyaye aiki shekara da shekaru, kuma babu mai hankalin da zai so a rufe su. Amma ruwan dagwalon da ke fita daga cikinsu yana da inda yake zuwa.

Na Bompai yana bin rafin Getsi, ya haɗu da Jakara, wadda ita ma ta kwaso ƙazantar cikin birni, su gangara zuwa madatsar Wasai a yankin Minjibir. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta. Shi da na rukunin Challawa, inda kamfanonin jimar fata suka fi yawa, duk a kogin Challawa suke ƙarewa. Jimar fata ta zamani tana amfani da sinadarin kuromiyom, kuma masu bincike a jami'o'inmu sun sha auna ruwa da ƙasa da ganyayyaki a bakin waɗannan rafuka suna samun ƙarafa masu illa a ciki.

A bakin waɗannan rafukan ne talakawan manoma suke shuka latas da alayyafo da kabeji da karas. Ba mugunta ce ta kai su ba. Ruwan da suka samu ke nan, kuma shi ne ba ya ƙafewa da rani. Amma da zarar kaya ya isa kasuwa an yayyafa masa ruwa ya yi shar, babu mai iya bambance wanda ya sha ruwan Tiga da wanda ya sha ruwan Getsi. Farashinsu ɗaya.

Wannan zalunci ne ga mutum biyu. Mai ci bai san abin da yake ba 'ya'yansa ba. Manomin da ya kashe kuɗi ya haƙa rijiyar burtsatse ya sa sola, shi ma ba wanda zai ƙara masa ko sisi saboda tsaftar ruwansa. To me zai sa wani ya yi koyi da shi?

Ranar da mai saye ya fara shiga lambu da ƙafarsa, abin da zai fara dubawa shi ne inda bututun ruwa ya fito. Idan daga rijiya ne ko daga magudanar dam, zai gani. Idan daga baƙin ruwa ne mai kumfa da wari, hancinsa zai gaya masa tun kafin ya sauka daga adaidaita sahu. Daga ranar, ruwa mai tsafta ya zama abin da ake biya, kuma manomi ya samu dalilin neman sa. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, da Ma'aikatar Muhalli ta jiha, su ne ke da alhakin tilasta wa masana'antu tace ruwansu, kuma babu abin da zai sauke musu wannan nauyi. Amma jama'ar da suka ga rafi da idonsu sun fi iya matsa wa hukuma lamba a kan waɗanda labari kawai suke ji.

Lambu ko filoti?

Duk wanda ke bin hanyar Haɗejia ko ta Wudil ko ta Gwarzo ko ta Madobi ya san yadda gari yake cin gonaki. Inda ka sani da inuwar mangwaro shekaru kaɗan da suka wuce, yau sai ka tarar an sare, an yi awon igiya, an kafa duwatsu, an jibge bulo.

Ba na ganin laifin magadan da suka sayar. Lambun da ake jiran sa shekara guda ya ba da abin da bai taka kara ya karya ba, ga dillalin fili na zuwa kullum da tayi mai tsoka, ga 'yan uwa kowa na son a raba a ba shi nasa, wa zai iya riƙewa? Wa'azi a kan muhimmancin bishiya ba ya biyan kuɗin makaranta.

Abin da zai riƙe lambu shi ne ya zama yana kawo kuɗi fiye da sau ɗaya a shekara. Mai buɗaɗɗen lambu yana sayar da 'ya'yan itace a farashin da ya fi na sari. Yana iya karɓar ɗan kuɗin shiga. Yana iya sayar da dashen mangwaro mai aure, da zuma, da ƙwai, da zoɓo mai sanyi. Matan ƙauyen su kawo fura da nono da dambu. Makarantu su kawo ɗalibai. Idan ya haɗa itatuwa daban-daban, mangwaro da bazara, gwaiba a ƙarshen damina, kankana da tumatir da rani, ƙofarsa ba za ta daɗe a rufe ba.

Ƙasar Italiya ta ga irin wannan matsala lokacin da matasa ke barin ƙauyuka, sai ta yi doka a 1985 da ta ba manoma damar karɓar baƙi a gonakinsu su ciyar da su su kwana, kuma abin ya zama babbar sana'a a can. A nan kusa da mu, masu zuwa Jos da sanyi suna neman gonakin sitiroberi na ƙauyen Chaha da ke kusa da Vom. Ƙaramar hukumar Kudan a Jihar Kaduna, wadda ba ta da nisa da Zariya, ta yi suna da noman inabi. A Dutse akwai gonar binciken dabino. Duk wurare ne da mutumin Kano zai iya zuwa ya dawo, na Jos ne kawai zai buƙaci kwana.

Kano kuwa tana da abin da waɗannan wurare ba su da shi, wato miliyoyin mutane a wuri ɗaya da ba su da wurin zuwa da iyali. Dubi cunkoson da ake yi a Gidan Zoo na Audu Baƙo da manyan kantuna duk ranar Sallah. Jama'a suna da ƙishirwar fita, kuma suna kashe kuɗi a kanta.

Abin da masu shakka za su ce

Na farko, mai lambu zai ce mutanen birni za su yi masa ɓarna: su karya rassa, su tsinki ɗanye su yar, su ci su ƙoshi kafin a kai ga sikeli. Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma manoman Turai ma suna kuka da shi. Maganinsa tsari. A ware layukan da za a shiga, a sa yaro ɗaya ya raka kowane rukuni da sandar tsinka mai ƙugiya, a hana hawa bishiya, a sa kuɗin shiga da zai rufe abin da aka ɗanɗana. Dogayen itatuwan gargajiya ba su dace da wannan ba. Mangwaro mai aure da gwaiba da gwanda, waɗanda hannu ke kaiwa, su ne na farawa.

Na biyu, tsaro. Babu wanda zai ce a kwashi mata da yara a nufi dajin da ba a sani ba. Amma lambunan da ake magana suna Gezawa da Ungogo da Kumbotso da Dawakin Kudu da Kura da Tofa, kusa da kwalta, a je da hantsi a dawo kafin la'asar. A sanar da mai unguwa ko dagaci, a tafi a rukuni.

Na uku, za a ce ana son a kashe wa 'yan kasuwa sana'a. Ko kusa. Lemon Binuwai da abarba da ayabar Kudu za su ci gaba da sauka a 'Yan Lemo, kuma yawancin mutane za su ci gaba da saye a bakin titi domin ba kowa ke da lokacin fita ba. Hasali ma, yaron da ya saba da ɗanɗanon nunanniyar gwaiba shi ne kwastoman mai tebur na gobe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan marmari da ganyayyaki a kullum. Gida nawa ne a Gwagwarwa ko Kawaji suke kaiwa haka? Kasuwar tana da sauran faɗi sosai.

Na huɗu, za a ce wannan harkar masu mota ce. Idan aka bar ta haka nan, za ta iya zama hakan. Amma gidaje biyar a layi ɗaya za su iya haɗa kuɗin bas guda. Ƙungiyar ma'aikatan kamfani a Bompai ko Sharaɗa, wadda ta saba haɗa adashi da sayen shinkafar azumi a dunƙule, za ta iya shirya fita ɗaya a lokacin mangwaro. Abin da aka sayo da araha a raba, ya rufe kuɗin motar.

Daga ina za a fara?

Ba sai an jira gwamnati ta kafa kwamiti ba. Mai lambu ɗaya da ke da waya ya isa. Ya ɗauki hoton bishiyoyinsa da rijiyarsa, ya sa a WhatsApp da Facebook da TikTok, ya faɗi rana da lokaci da farashin kilo ko na kwando. Ya tanadi sikeli na gaskiya, da tabarmi a inuwa, da ruwan sha, da wurin alwala da salla, da ban-ɗaki mai sutura, da ɓangaren da mata za su zauna a sake. Idan ya yi feshin magani, ya rufe ƙofa har kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar su cika. Wanda ya yi wasa da wannan ya kashe kasuwarsa da ta maƙwabtansa.

Makarantun firamare da na Islamiyya su sa ziyarar lambu cikin tsarin zangon karatu. Akwai yara a cikin birnin nan da suka haddace sunayen 'ya'yan itace da Turanci amma ba su taɓa ganin yadda kankana take kwance a ƙasa a jikin yaɗonta ba.

Hukumomi kuma aikinsu bai da yawa. KNARDA tana da malaman gona da suka san lambunan kowace ƙaramar hukuma, za ta iya fitar da jerin waɗanda suka shirya karɓar baƙi. Cibiyar NIHORT mai binciken kayan lambu tana da reshe a Bagauda, Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo a Ɗambatta. Waɗannan za su iya auna ruwa da ƙasar lambu su ba da takardar shaida da za a liƙa a ƙofa, su kuma samar da ingantaccen dashe. KNUPDA ta daina kallon lambu a matsayin filin da bai samu mai gini ba tukuna, ta ware wasu a taswirar gari a matsayin wuraren da ba a yankawa. Ƙananan hukumomi su kuma su riƙe masu rasit ɗinsu, kada manomi ya buɗe ƙofa yau gobe a zo masa da haraji kala biyar.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Mun daɗe muna cin abin da ba mu san inda ya fito ba, muna jin labarin kabad da dagwalo muna cewa Allah Ya kyauta. Idan lokacin mangwaro ya zagayo, ka tambayi mai kayan marmarin layinku daga wane gari kayansa suke zuwa, ka nemi mai lambu a can, ka ɗauki yaranka ku je ku gaisa. Ka duba rijiyarsa, ka biya shi farashin da ba zai yi da-na-sani ba, ka bar ƙaramin cikinsu ya miƙa hannu ya tsinko na farko.